Rafin da Rana ke Cikawa

Akwai wata mata mai suna Kunduz, wadda duk wanda ya taɓa kafa tanti a bakin tafkin Ak-Kol ya san girkinta tun kafin ya san sunanta. Shekarunta hamsin da biyu. Gajeriya ce mai kaurin murya, kuma abin da ke ranta shi ke bakinta, ko da gaban wa take.

Mijinta Esen makiyayi ne, shekara uku ke nan da rasuwarsa. Tumakin duk an sayar. Abin da ya rage mata shi ne gida mai ɗaki biyu a gindin dutse, da saniya guda, da tsohon karen marigayin, Aktosh.

Aktosh ba shi da kyan gani, wannan kam ko Kunduz ba ta musu. Kunnuwansa guntaye ne, an yanke su tun yana ɗan kwikwiyo don kada kyarkeci ya sami abin kamawa. Yana ɗingishi da ƙafar baya, furfura ta cinye masa baki. Amma shekara goma sha ɗaya ya yi yana bin garke a kan duwatsun nan, babu hanyar da bai taka ba.

Abin da ke riƙe Kunduz a ƙauye aiki ɗaya ne. Wani matashi daga Bishkek, Maksat, yakan kwaso mutanen birni da karnukansu kowace Juma'a a ƙaramar bas, su kwana biyu a bakin tafki, su hau zuwa magangarar ruwa, su koma ranar Lahadi. Kunduz ke dafa musu abinci, Aktosh kuma ke shige musu gaba a hanya. Abin da ta samu a wata uku na zafi, da shi take sayen gawayi da fulawa da ciyawar saniya na tsawon sanyi.

In babu aikin nan, hanya ɗaya ta rage, kuma ta san ta. Ƙanwarta Zuura tana Mosko tana goge daɓen wani kanti, su takwas suke kwana a ɗaki ɗaya. Kusan kowane mako sai ta kira, tana ce mata eje, wato yaya, kamar yadda ake kiran duk macen da ta girme ka a can.

"Eje, akwai gado ɗaya da babu kowa a ɗakinmu. Ki rufe gidan nan ki taho. Me kike gadi a can, duwatsu?"

"To Aktosh fa?"

"Kare? Ki ba wa maƙwabta mana!"

A nan Kunduz takan kashe wayar. Ta san ranar da ta sa wa ƙofar nan kwaɗo, ba za ta sake ganin karen da rai ba, kuma kabarin Esen zai rasa mai share shi.

To a makon da ya fi kowane mako zafi a shekarar, bas ta sauke baƙi goma sha biyu da karnuka tara. Akwai mai riga, akwai mai takalmi, akwai wanda ba ya shan ruwa sai na gora. Wata budurwa mai fara'a, Nurzat, ta rungumo nata a ƙirji, ɗan mitsitsi, idanu duk waje.

Kunduz ta dube shi ta ce, "Wannan kare ne, ko ɓera ne ya yi arziki?"

Nurzat ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga nan suka shirya.

Maksat ma yana da nasa, Graf, ƙaton kare mai shuɗin ido da aka kawo daga ƙasar waje, har da takardar haihuwa. Yakan ɗaure igiyarsa a wata ɗamara da ke ƙugunsa, don hannuwansa su samu damar ɗaukar hoto. Maksat ba mugu ba ne. Matsalarsa ita ce duk abin da bai gani a waya ba, a wurinsa ƙauyanci ne.

Ranar Asabar Kunduz ta tashi tun duku-duku. Ta hura wuta, ta soya borsok, wato ƙananan fanken ƙasar, cike da kwando, ta haɗa shayi da madara. Al'adarta ke nan: a karya da wuri, a kama hanya kafin rana ta leƙo, a dawo da hantsi. Aktosh na zaune a bakin hanya yana jira.

Shiru babu wanda ya fito daga tanti. Shayi ya huce, ta sake ɗumamawa. Rana ta hau kan dutse, babu gajimare ko ɗaya a sama. Sai wajen ƙarfe goma Maksat ya fito yana miƙa.

"Kai Maksat, wane irin barci ne wannan? Lokaci ya wuce fa."

"Ni na ce su huta, eje. Yau sai sha biyu za mu tashi. Na yi musu alkawarin bakan gizo. Ƙarfe biyu rana ke bugun magangarar, shi ne hoton da suka biya kuɗi don su ɗauka."

Kunduz ta ajiye buta. "Ƙarfe biyu a can, ke nan ƙarfe huɗu a bakin rafi. Ka san abin da kake faɗa kuwa?"

A tsakanin tafki da magangarar akwai wani rafi da dole a tsallaka da ƙafa. Da safe iyakarsa idon sawu, yaro ma zai wuce yana wasa. Amma ruwansa daga ƙanƙarar saman dutse yake fitowa. Mutumin birni ya ɗauka ruwan sama ne kaɗai ke cika rafi, shi ya sa yake duban sama, in ya ga garau sai hankalinsa ya kwanta. A nan kuwa rana ce ke cika shi. Iya zafinta, iya narkewar ƙanƙara, kuma kafin la'asar rafin safe ya zama abin da doki ma ke tsoro.

Maksat ya ɗaga mata waya. "Dubi nan. Babu hadari yau, babu gobe. Ko ɗigo ba za a yi ba."

"Abin da nake tsoro ke nan, ɗan nan! Wayarka ta taɓa tsallaka rafi?"

"Sau nawa muka tsallaka shi bana?"

"Da safe! Kullum da safe, don ni nake tashinku. Kakanka makiyayi ne a kwarin can, da ya ji ka yau da ya cire hularsa ya rufe fuska."

Fuskar Maksat ta canja. Ya matso, ya rage murya. "Eje, ki tsaya a bakin tukunyarki. Zamani ya wuce na camfi, karen bana shi ke maganin zomon bana. Kuma ki ji da kyau: kika buɗe baki a gaban baƙina, to yau ce ranarki ta ƙarshe a nan. Masu neman aikin nan sun fi goma."

Ya juya ya tafi.

Kunduz ta tsaya da ludayi a hannu. Tsoro ya kama ta, ba za mu ɓoye ba. Ta tuna ɗakin mutum takwas, ta tuna kwaɗo a ƙofarta. Wata zuciya ta ce mata, ke kuwa ina ruwanki? Wataƙila ruwan ba zai kai haka ba. Ki yi shiru ki ci abincinki.

Ta zuba shinkafa da naman rago da karas a manyan faranti, baƙi suka zauna a kan shimfiɗa suna santi. Ta dubi Nurzat tana ba ɗan karenta loma. Ta dubi wani dattijo mai tabarau da ya zo da matarsa. Sai ta ji in ta haɗiye maganar nan, ba za ta ƙara jin daɗin loma ba har ta mutu.

Ta ɗaga ludayi ta buga murfin tukunya sau uku. Mutane da karnuka duk suka waigo.

"Ku saurare ni, 'yan birni. Ni ba ni da ilimi, girki na sani. Amma shekara talatin ina shan ruwan rafin can. Wanda ya tsallaka shi yanzu, zai same shi a gwiwa. In ya dawo da la'asar, zai same shi a ƙirji, yana mirgino duwatsu. Ku bari sai gobe da asuba, ni da kaina zan kai ku. Bakan gizo ba ya gudu, rai kuwa guda ne."

Maksat ya ƙaƙalo dariya.

"Ku yi mata uzuri, tsufa ne. Nan gaba za ta ce mana akwai aljani a ruwan." Ya yi fito. "Aktosh! Zo mu tafi!"

Aktosh ya ɗaga kai ya dubi dutse, ya shinshini iska. Sai ya juya ya shige ƙarƙashin bas ya kwanta.

"Ki ce masa ya tashi."

"Ba zan ce ba. Shi ya fi ka hankali, ni kuma ba zan sa shi ya yi ƙarya ba."

"To kin bar aiki! Yanzu, a gaban kowa. Kwashi karenki ki bar min wuri."

Kunduz ta kwance ƙyallen girkin da ke ƙugunta, ta ninke shi tsaf, ta ɗora a kan murfin tukunya.

"Na bari. Amma abu ɗaya, Maksat, kyauta na ba ka: kada ka shiga ruwa da kare ɗaure a ƙugunka."

Bakwai daga cikin baƙin suka ce sun fasa, har da dattijon da matarsa. Biyar suka bi Maksat. Nurzat na cikinsu. Ta waigo ta dubi Kunduz cikin jin kunya, ta ce a hankali, "Eje, na riga na biya, kuma Litinin ina aiki."

Kunduz ta koma gida, Aktosh na ɗingishi a bayanta. Ta zauna a dakalin ƙofa ta ciro waya. Ta rubuta wa Zuura, "Ki riƙe min gadon." Ta daɗe tana kallon rubutun, hawaye ya zubo, ta share da bakin ɗankwali, ta tura.

Ta ce a ranta, su ƙarata. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Wajen ƙarfe biyu da rabi muryar rafi ta canja. Daga ƙofar gidanta ana jin sa. Da safe waƙa yake yi, yanzu kuwa wani gurnani ne, da ƙarar duwatsu na gwaruwa a ƙarƙashin ruwa. Aktosh ya miƙe yana kai da komo, yana kukan ciki.

"Kai ma za ka fara? Korar mu aka yi, ko ka manta?"

Kare ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ta.

Kunduz ta ja tsaki, ta zura takalman roba na Esen, ta nufi gidan maƙwabcinta Toktosun, wani tsohon makiyayi da take ce wa baike, wato yaya, da ke zaune a inuwa yana shan nonon goɗiya.

"Toktosun baike, ɗaura sirdi. Dawakai biyu, da doguwar igiya."

"Lafiya? Na ji an ce an kore ki."

"An kore ni daga tukunya, ba daga mutunci ba. Tashi, baike, surutu a hanya."

Ƙarfe huɗu saura suka isa. Rafin da aka sani fari ƙal ya koma ruwan ƙasa, ya haɗiye duwatsun da ake takawa, faɗinsa ya ninka uku. A ɗaya gaɓar ga mutum shida tsaye cirko-cirko da karnukansu.

Kunduz ta cire ɗankwali tana kaɗawa, tana ihu su tsaya. Ƙarar ruwa ta cinye muryarta, amma Maksat ya gan ta sarai. Kuma ganin nata ne ya ƙarasa shi. Da ba ta zo ba, wataƙila da ya tsaya ya yi tunani. Amma ya juya baya a gaban matar da ya kora ɗazu? Ya ɗaga wa baƙinsa hannu alamar su kalli yadda ake yi, ya shiga ruwa, Graf ɗaure a ƙugunsa.

Taku biyar ya yi lafiya. A na shida ruwa ya ɗauke ƙafafun kare. Igiya ta miƙe, ta fizge Maksat kamar an ja buhu daga kan jaki. Ya nutse, ya taso, ya nutse. Allah ya sa ƙirjinsa ya bugi wani ƙaton dutse a tsakiya, ya ƙanƙame shi da hannu biyu. Kare na can ƙasa a ƙarshen igiya yana shan ruwa, nauyinsa na janye ubangidansa kaɗan-kaɗan.

Kunduz ba ta tsaya shawara ba. Ta zunguri doki ya shiga har ruwa ya kai masa ciki, yana tirjiya tana dukansa da dunduniya, Toktosun na riƙe da ƙarshen igiya a gaɓa, ya naɗe ta a sirdinsa.

"Saki karen!"

Maksat ya girgiza kai, idanunsa sun firfito. "Zai mutu!"

"A ɗaure ne zai mutu, kai ma ka bi shi! Kare ya fi ka iya ruwa! Kwance ɗamarar, don ubanka!"

Ya saki hannu ɗaya, ya laluba, ya ɓalle ɗamarar. Ruwa ya yi gaba da Graf. A daidai lokacin Kunduz ta wurga igiya yadda Esen ya koya mata kamun maraƙi. Ta farko ta kuskure. Ta biyu ta faɗa masa a kafaɗa, ya zura hannu, Toktosun ya juya dokinsa ya ja. Haka aka fito da jagoran tafiyar, a kan cikinsa, takalmi ɗaya, babu waya, leɓɓansa sun yi shuɗi don sanyi.

Kalmar farko da ya iya furtawa ita ce, "Graf."

Can ƙasa suka jiyo haushin Aktosh. Tun da aka saki igiya tsohon karen ya bi gaɓa da gudunsa na ɗingishi, har inda rafin ke faɗaɗa a kan tsakuwa, wurin da ruwa ke tofar da duk abin da ya ɗauka. Can ya tsaya yana kira. Ba a jima ba sai ga su tafe su biyu, mai takardar haihuwa a baya, jiƙe sharkaf, wutsiya a matse.

Maksat ya rungume karensa ya fashe da kuka. Kunduz ta sauko daga doki. Ta cire rigar sanyinta ta jefa masa, ta ce wa Toktosun ya kai shi tanti a ɗura masa shayi mai zafi.

Sauran biyar ɗin ta yi musu alama da hannu su zauna. Ita da Aktosh suka hau sama, tafiyar kusan awa ɗaya, zuwa inda makiyaya suka gitta gungumen icce biyu a wani matsattsen wuri. Ta can ta zagayo da su ɗaya bayan ɗaya, suka iso tafki rana na shirin faɗuwa. Nurzat ta riƙe hannunta tun daga gadar har tanti, ta kasa cewa komai sai "Eje, eje."

Washegari da sassafe Kunduz na tatsar saniya, sai ga Maksat a bakin shinge, sanye da aron takalmi, riƙe da ƙyallen girkinta a ninke.

"Eje, na zo ne... ki yi haƙuri. Ki dawo. Abin da ya wuce ya wuce, ya tsaya tsakaninmu."

Kunduz ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tatsa.

"A ina ka kore ni?"

"Eje..."

"Tambayarka nake. A bayan shinge ka kore ni, ko a gaban mutane?"

"A gaban mutane."

"To can za ka mayar da ni. Ka ce musu wa ya yi camfi, wa ya faɗi gaskiya. In bakinka ya yi nauyi, ajiye ƙyallen nan ka tafi. Gara in goge daɓe a Mosko da kaina a sama, da in yi girki a gida da bakina a ɗinke."

Ta faɗi haka ne alhali ta san zai iya ajiyewa ya tafi. Ya dubi ƙyallen da ke hannunsa. Sai ya ce, "Mu je."

A bakin tafki, gaban mutum goma sha biyu da karnuka tara, Maksat ya cire hula. Ya ce jiya ya kira gaskiya camfi, ya kusa kashe kansa da mutum biyar saboda hoto. Ya ce daga yau, lokacin tashi da lokacin dawowa a hannun Kunduz eje yake, ko shi bai isa ya canja ba. Ya miƙa mata ƙyallen da hannu biyu.

Ta karɓa ta ɗaura. Ta dubi dutse, rana ba ta leƙo ba tukuna.

"To me kuke jira? Mai son ganin magangara ya sa takalmi. Aktosh a gaba, ni a bayansa. Kowa ya riƙe igiyar karensa a hannu, a bakin ruwa a saki. Kai kuma Maksat, kana can ƙarshen layi, ka ɗauko butar shayi."

Suka sami rafin a idon sawu, fari ƙal, har ɗan karen Nurzat ya tsallaka da ƙafarsa. Babu wanda ya yi dariya. Kowa ya dubi dutsen nan na tsakiya, wanda yanzu yake tsaye a bushe, sannan ya wuce.

Da suka kai sama, sai ga kiran Zuura.

"Eje, na riƙe miki gadon! Yaushe za ki taso?"

Kunduz ta dubi ruwan da ke zubowa, ta dubi tsohon karen da ke kwance a kan ƙafarta yana haki.

"Ki ba wata," in ji ta. "Ina da aiki a gida."

Darasi: Kada tsoron rasa abinci ya sa ka haɗiye gaskiyar da za ta ceci rai, domin mai ba da abinci ba shi ne wanda ya ɗauke ka aiki ba. Kuma kai da ke da ilimin zamani, in ka je wuri ka tambayi masu wurin, ko da mai girki ce, ko da tsohon kare ne. Ka tura wa wani wanda ake so a rufe wa baki a wurin aikinsa, ka kuma tura wa wancan abokin naka da ba ya jin shawara, tun kafin ya shiga ruwa.